Kuɗin Kwata: Wa Zai Biya, Kuma Nawa?



Da sakataren ƙungiya ya ce in yi magana a kan aikina, na gaya masa aikin nan ba shi da farin jini, domin zancen kwata ne da kuɗin da za a karɓa a hannun jama'a don gyaranta. Ya ce ai shi ya sa. Saboda haka duk wanda zancen ya yi wa wari, ga sakatare nan.

Damina biyu da suka wuce, cikin watan Agusta, aka yi ruwan dare a garinmu. Kafin asuba katangar gidanmu ta zube, Allah Ya kiyaye ba ta faɗa wa kowa ba. Da gari ya waye na bi sawun ruwan. Kududdufin da muka yi wanka a ciki muna yara an cike shi an gina shaguna, an malale gabansu da siminti. Lambatun da ya kamata ya ɗauke ruwan kuwa leda da ɓawon rake sun toshe shi. Na tambayi wa ke da alhakin yashewa, kowa ya nuna wani.

A takarda amsar a fili take. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma gina magudanun ruwa da kula da su, da kwashe shara da ƙazanta. Dokar soja mai lamba 21 ta 1998 kuma ta sa kuɗin wannan hidima da kuɗin gidaje cikin abin da ƙaramar hukuma ke iya karɓa. Wato Ikara da Maƙarfi da Kudan ba izini suka rasa ba. Abin da ke da wuya shi ne yanka kuɗin ta yadda mutum zai biya ransa bai ɓaci ba.

Mutanenmu suna da dalilinsu na tsoron duk mai ɗauke da rasit. Iyayenmu ba su manta da haraji da jangali ba, da yadda magidanci kan gudu ya bar gari saboda su, har Gwamna Balarabe Musa ya soke su a 1979. Aibin haraji shi ne kai ake ƙirgawa: mai shanu ɗari da mai jaki ɗaya duk baligai ne. In muka yanka kuɗin kwata haka, kowane gida abu ɗaya, mun dawo da haraji da sabon suna.

Farkon aiki shi ne a san abin da hidimar ke ci. A auna tsawon magudanun gari, a san kwalbati nawa ne, sau nawa za a yashe a shekara, nawa ne ladan lebura da hayar motar kwashe dagwalo, sannan a ware wani abu don gyaran inda ya fashe. Na sha zama a inda ake fara faɗin kuɗin da ake so a tara, daga baya a nemo masa dalili.

Sai rabo. A nan ina roƙon malaminmu na lissafi ya duba ni, ko yau zan ci. Ƙasarmu ta Zazzau tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10 zai zubar da lita 100,000 ke nan, wato duro 500. Gidan da tsakar gidansa ƙasa ce yana shanye wani kaso na ruwansa. Gidan mai ko jerin shagunan da aka shafe da siminti kuwa, kusan dukkansa yake turo wa maƙwabta. Shi ya sa a garuruwa da yawa na Jamus da Amurka ake yanka kuɗin ruwan sama bisa faɗin rufi da daɓen da ba ya shan ruwa. Birnin Filadelfiya ya fara komawa wannan tsari a 2010.

Ba sai mun auna kowane gida ba. Aji uku ya ishe mu: gidan zama na talaka, babban gida mai daɓe, sai wuraren kasuwanci. A ƙaddara hidimar wata unguwa naira miliyan 3 ce a shekara, akwai ƙananan gidaje 400, manya 100, wuraren kasuwanci 60. In babban gida ya ɗauki kaso 3, wurin kasuwanci kaso 5, an sami kaso 1,000. Ƙaramin gida zai biya naira 3,000 a shekara, wato 250 a wata. Gwauruwa mai marayu da tsoho marar mataimaki a ɗauke musu, mai unguwa ya san su. Kasuwar rake ta Maƙarfi kuwa a yi mata lissafinta daban, daga abin da ake karɓa a hannun motocin da ke lodi, don bai kamata mazauna gari su biya kwashe sharar fatake ba.

Masai da sokawe ban sa su a ciki ba, tunda garuruwanmu ba su da bututun ƙazanta na ƙarƙashin ƙasa. Mai gida ke kiran masu yashewa ya biya. Abin da ya rage wa hukuma shi ne ta keɓe inda za a zubar, nesa da rijiyoyi da fadamun da ake noman tumatir.

Dokar haraji ta Jihar Kaduna ta 2016 ta hana karɓar kuɗin gwamnati hannu da hannu, wannan ya rage ɓarna. Amma mutumin Hunƙuyi da ya biya ta banki yana so ya ga lambatun ƙofar gidansa a yashe kafin ruwan farko, ya kuma ga an manna lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe a ƙofar sakatariya.

Shugaba, a cikinmu akwai injiniyoyi da akantoci da kansiloli. Ina neman mutum biyar da za mu zaɓi unguwa ɗaya, mu auna magudanunta a wannan rani, mu kai wa majalisar ƙaramar hukuma lissafin a rubuce. Na zo da takarda, sunana ne na farko a kai.