Ɗan Riƙo Daga Ƙasar Sin

Daga 1992 zuwa 2024, iyalai a Amurka sun karɓi riƙon yara fiye da 80,000 daga ƙasar Sin. Waɗansu sun iso da shekara 13, sun baro harshensu da abokansu a gidan marayu. Me za mu faɗa wa iyayen riƙon? Kada su nemi godiya da wuri, gama yaron yana cikin makoki. Su bar masa sunansa, su dafa abincin da ya saba. In ya yi shiru, ba raini ba ne. Musa ma ya girma a gidan Fir'auna, bai manta da danginsa ba. Ubangiji shi ba su haƙuri. Amin.