Ruwa, Gona da Shari'a: Nauyin da ke kan Ƙaramar Hukuma



Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko ta Bichi, ya san ƙasar nan ba ta da saura. Gona na manne da gona, kowace kuka da kowace ɗorawa da mai ita. Ita ce ƙasar da ta ga farin 1973, ita ce kuma a yau ruwa ke sauko mata da yawa cikin 'yan kwanaki, ya ci gona, ya rushe gida. Masana na danganta wannan da sauyin yanayi. Tambayata ita ce: idan hukuma ta tashi tsare jama'a daga ambaliya, gonar wa za a taɓa, kuma wa zai yi hukunci?

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha amana a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma kula da filayen karkara. Sashe na 6 ya ba ta ikon karɓar fili domin amfanin jama'a, alal misali haƙa magudanar ruwa ko sake wa unguwa matsuguni. Amma diyyar da ya ambata ta abin da mutum ya gina ko ya shuka ce, ban da ƙasar kanta. Sashen ya kuma ce idan gona ce, a ba mai ita wata a madadinta. To, a nan gizo ke saƙa. A Minjibir ko Dawakin Tofa, ina ciyaman zai samo gonar da ba ta da mai ita?

Manomin da bai gamsu ba, sashe na 30 ya tura shi gaban kwamitin rabon filaye, sashe na 47 kuwa ya hana kotu duba yawan diyya. Watau wanda aka karɓe wa gona zai kai kuka ga kwamitin da gwamna ya naɗa.

Mun ga inda rashin sauraren mai ƙasa ke kaiwa. A Bakolori, cikin Afrilu 1980, manoman da suka tsaya kan diyyar gonakinsu sun gamu da bindigar 'yan sanda, aka rasa rayuka. A bakin teku ma haka abin yake. A 2017 Babbar Kotun Jihar Legas ta yanke cewa korar mazauna bakin ruwa irin su Otodo Gbame ba tare da sanarwa da sabon matsuguni ba ya saɓa wa tsarin mulki. Sai dai hukuncin ya zo bayan gidajen sun riga sun zama kufai.

Saboda haka shawarata ga ƙananan hukumominmu ɗaya ce. Tun da rani, su zauna da dagatai da masu unguwanni da masu gonakin kwari da fadama, a shata hanyar ruwa, a san wanda zai rasa, a rubuta abin da za a biya shi kafin a sa fatanya. Dattawan ƙauye sun san inda ruwa ya bi shekara hamsin da suka wuce, kuma ruwa ba ya manta hanyarsa. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu damina mai albarka.