Lambar da Aka Hana Shiga

Sharhinmu na yau na masu shirin jarrabawar WAEC da NECO ne, kan wata tambayar aljabara da ke yawan cinye maki: waɗanne lambobi aka yarda su shiga gurbin x? Su ne malamai ke kira domen.

In polinomiyal ce, kamar x sau x a tara da biyar, sha kuruminka, kowace lamba ka kawo za ta shiga.

Rigimar tana wajen lissafi mai sama da ƙasa, domin ba a raba lamba da sifili. Ko Brahmagupta na Indiya, da ya tsara dokokin sifili a shekarar 628, a nan ya yi tuntuɓe. Ɗauki ɗaya a sama, a ƙasa kuma x sau x a cire tara. Sa uku, ƙasa ta koma sifili. Sa uku mai alamar ragi, haka nan, kuma ita ce ɗalibai suka fi mantawa.

Ga tarkon da ya fi ba ni haushi. In x sau x a cire tara ke sama, x a cire uku ke ƙasa, yaro sai ya soke, ya samu x a tara da uku, ya ce ai kowa ya shigo. Ina! Uku tana nan a waje, don tun kafin sokewar ta mai da ƙasa sifili.