Wanda Zai Koyi Kayarwa, Sai Ya Fara Koyon Faɗuwa

Jawabi ga iyaye da matasa a taron bayan girbi

Tun da muka fara koya wa yara wasan judo a bayan majami'a, tambayoyi suna ta iso mu, har wasu iyaye sun hana 'ya'yansu zuwa. Wata uwa ta ce mana ɗanta da ma mai zafin zuciya ne, in aka ƙara masa da dabarar kayar da mutum, ina za ta sa kanta? Tsoron nan yana da dalili. Shi ya sa muka zo mu gaya muku abin da mu kanmu muka gani a jikinmu cikin shekarun da muka yi muna wannan wasa.

Daga ina judo ya fito?

Wani malamin makaranta ne a ƙasar Japan ya kafa shi a birnin Tokyo a shekara ta 1882. Sunansa Jigoro Kano. Sunan ya yi kama da na birnin Kano, amma babu abin da ya haɗa su. Sa'ad da yake yaro ba shi da girman jiki, manyan yara kuma suna cin zalinsa a makaranta. Sai ya je ya koyi tsohuwar dabarar faɗa ta mutanen ƙasarsu. Daga baya ya ware dabarun da suke iya kashe mutum ko su nakasa shi ya ajiye gefe, ya mai da sauran wasa da za a iya koya wa 'yan makaranta. Ma'anar kalmar judo ita ce hanyar sassauci. Ya kafa koyarwarsa a kan abu biyu: kada a ɓata ƙarfi a banza, kuma kowa ya amfana tare da abokin wasansa. An sa judo cikin wasannin Olamfik a 1964, na mata kuma ya shiga sosai a 1992.

A cikin gasar judo babu naushi, babu shuri. Ana kama rigar juna ne, kowa yana neman ya kayar da ɗan'uwansa a baya, ko kuwa ya danne shi a ƙasa na daƙiƙa 20. Wanda ya san kokawar da samarinmu suke yi da kaka zai gane shi nan da nan. Mutanenmu ba baƙin kokawa ba ne. A Nijar ma tun 1975, da aka fara a Tawa, ake yin babbar gasar kokawa ta ƙasa inda zakara yake karɓar takobi. Bambancin da muka gani shi ne, a kokawa faɗuwa abin kunya ce, a judo kuwa ita ce darasi na fari.

Darasi na fari

Mun koyi wasan nan ne a birni lokacin da muke makaranta. Mun je da ɗoki, muna so a nuna mana yadda ake ɗaga ƙato a buga da ƙasa. Malaminmu bai bar mu mun taɓa kowa ba har makonni suka wuce. Kullum faɗuwa muke yi: ta baya, ta gefen dama, ta gefen hagu, da mirginawa ta gaba. Wasu sun gaji sun daina zuwa. Mu da muka daure, daga baya muka gane dalili.

Ga yadda ake yi. In za ka faɗi ta baya, ka manna haɓarka da ƙirjinka don kada ƙeyarka ta bugi ƙasa. Ka lanƙwasa gwiwoyi, ka lanƙwasa baya kamar ƙwarya don jiki ya mirgina. Kada ka miƙe hannu ka tokare ƙasa da tafi, gama ta nan ne wuyan hannu yake karyewa. Ka bugi ƙasa da dukan tsawon hannunka a gefen jiki, kana fitar da numfashi. Da haka nauyin faɗuwar yakan bazu a jiki duka, ba ya taruwa a ƙashi ɗaya.

Wannan ilimi bai tsaya a filin wasa ba. Aikinmu na yawo ne a kan babur, kuma kun san hanyoyinmu da damina. Fiye da sau ɗaya santsi ya kwashe mu, jiki ya mirgina da kansa kafin mu yi tunani, muka tashi da ƙujewa kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa mutane kusan 684,000 suke mutuwa kowace shekara ta dalilin faɗuwa, kuma bayan haɗarin hanya babu tsautsayin da ya fi ta kisa. Ku tuna yaran da suka faɗo daga itacen mangwaro, da matan da suka zame a bakin rijiya, da kuɗin da aka kai wa mai ɗori. Rigakafi ya fi magani.

Abin da faɗuwa take yi wa zuciya

Yanzu mu koma ga tambayar uwar nan. Yaro mai zafin zuciya yakan yi faɗa ne don ba ya iya jure a ga kasawarsa. A wurin horo za a kayar da shi sau da yawa a yamma ɗaya, wani lokaci ma wanda bai kai shi girma ba ne zai kayar da shi. Zai tashi, ya gyara ɗamararsa, su sake kamawa. Ba wanda zai yi masa dariya, gama kowa a wurin ya sha ƙasa. A hankali kunyar faɗuwa takan fita daga ransa, fushin da take haifarwa kuma ya ragu. Mun ga haka a kanmu kafin mu gan shi a kan yara.

Mun kuma lura cewa mai fushi ne ya fi saurin faɗuwa. Yakan turo da dukan ƙarfinsa, sai abokin wasansa ya kauce ya ja shi, nauyinsa ya kai shi ƙasa. Yaro ba ya bukatar dogon wa'azi a kan wannan, bayansa ne zai gaya masa.

Akwai wata doka da ba a karyawa. In an riƙe ka har ka ji zafi, sai ka taɓa abokinka ko ƙasa sau biyu da hannu. Dole ya sake ka nan take, ko da yana gab da cin nasara. Wanda ya yi kayarwa kuma ba ya sakin hannun rigar ɗan'uwansa, yakan riƙe shi don ya sauka lafiya. Saurayin da ya saba sakin mutum da zarar an ce ya isa, ya koyi abin da zai amfane shi a kasuwa, da gona, da gidan aurensa.

Tambayoyin da kuka yi

Wasu dattawa sun tambaya game da rusunawar da yara suke yi kafin su kama. Gaisuwa ce irin ta mutanen Japan, kamar yadda 'ya'yanmu suke durƙusa wa manya. Ba sujada ba ce. Wasu sun tambaya ko akwai laya ko shan magani kamar yadda aka sani a wasu filayen dambe da kokawa. Babu, kuma ba mu yarda a zo mana da su ba.

Game da 'yan mata, muna koya musu yadda za su kuɓuce in an kama musu hannu, su yi ihu, su ruga inda mutane suke. Muna faɗa wa maza da mata gaskiya: judo ba ya tare wuƙa, ba ya tare bindiga. Wanda ya ga makami, gudu ne dabararsa.

Ƙananan yara ba ma koya musu shaƙewa ko murɗe hannu. Wanda kansa ya bugu har ya yi amai, ko jiri ko barci ya kama shi, asibiti za a kai shi ba tare da jinkiri ba. Duk wanda ya yi amfani da abin da ya koya ya kayar da wani a gari, ba zai sake taka filinmu ba sai ya je tare da iyayensa ya nemi gafara.

Abin da muke roƙo

Ba mu da katifun da ake amfani da su a birni. Buhunan ƙaiƙayin shinkafa muke shimfiɗawa mu rufe da tamfol, kuma sukan lotse da sauri. Yanzu da aka gama girbi, muna roƙon masu injin casa su ajiye mana ƙaiƙayi. Muna roƙon telolinmu su taimaka da ɗinkin riguna masu kauri. Muna roƙon Zumuntar Mata ta ba mu uwa biyu da za su riƙa zama duk ranar da 'yan mata suke horo. Ku iyaye da kuke shakka, ku zo ranar Asabar da yamma ku zauna ku gani da idonku, sa'an nan ku yanke shawara. Rani yana da tsawo, kuma kun san inda samarin da ba su da abin yi suke zama.

Ubangiji ya tsare mana 'ya'yanmu. Amin.