Ina Rayuwa Ta Fi Sauƙi, Nan ko Can?

  

Yau maganarmu a kan gardamar nan ce da ba ta ƙarewa a gidan biki: wai tsakaninmu da sauran ƙasashe masu tasowa, wa ya fi jin daɗin rayuwa? Sai ki ji wata ta ce, "Haba, mu da muke da man fetur!" To, gaskiya ne, in aka raba arzikin ƙasa da yawan jama'arta, rabon ɗan Nijeriya ya fi na ɗan Nijar. Amma fa lissafin takarda ne. Ba ya gaya miki ko famfonki na kawo ruwa, ko sai kin jira ɗan ga-ruwa ya turo kura.

Shi ya sa a 1990 wani masani ɗan Pakistan, Mahbub ul Haq, ya fito wa Majalisar Ɗinkin Duniya da wani ma'auni dabam: a duba tsawon rai, a duba ilimi, sannan a duba kuɗin shiga. A ƙiyasin Majalisar na 2023, matsakaicin tsawon rai a Nijeriya wajen shekara 54 ne, a Nijar wajen 61, a Bangladesh kuwa ya haura 70. Kar ki tsorata, ba wai kowa zai mutu yana da 54 ba ne, rai na hannun Allah. Yawan yaran da ake rasawa tun suna goye, da masu rasuwa da ƙuruciyarsu, su ke jan adadin ƙasa.

Ga wanda ya fi taɓa mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020, cikin kowace haihuwa 100,000, mata 1,047 suka rasu a Nijeriya, 441 a Nijar, 123 a Bangladesh. Ki sake jin adadin nan da kyau.

Nijar, a 2006, ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani a asibitin gwamnati, ta yawaita ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka. Daga 1998 zuwa 2009 mutuwar yara ta sauko daga 226 cikin 1,000 zuwa 128. Ba na cewa can aljanna ce. Suna rasa yara da yawa kamar mu, wajen karatun 'ya'ya mata ma suna bayanmu. Mai 'yan'uwa a Maraɗi ta sani.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce Bangladesh. Ƙasa ce ta Musulmi, cunkushe da jama'a, ta samu 'yanci a 1971 bayan yaƙi, yunwa ta biyo baya a 1974. Gudawa na ta kwashe musu yara. Daga 1980 zuwa 1990 wata ƙungiya mai suna BRAC ta tura mata gida-gida, suka shiga gidaje sama da miliyan 12, suna koya wa iyaye mata abu ɗaya tak: rabin lita na ruwa, gishiri ɗan abin da yatsu uku suka ɗauka, da mazarƙwaila cikin tafin hannu. E, mazarƙwailar nan da muke saye a kasuwar Sabon Gari! Kuma albashin mai koyarwar ya danganta da yadda uwar ta riƙe darasin in aka dawo aka tambaye ta. Yau dai akwai ƙunshin ruwan gishiri da sukari a kemis, shi ya fi, ki ajiye ko guda biyu ne a ɗaki. A 1994 kuma gwamnatinsu ta fara ba 'yan matan karkara tallafin kuɗi muddin suna zuwa sakandare.

Abin haushin shi ne, mu nan Zariya an riga an gano bakin zaren tun tuni. Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello daga 1976 zuwa 1979, ya wallafa a 1985. Ya tarar mafi yawan waɗanda suka rasu, matan da ba su taɓa zuwa awo ba ne, sai naƙuda ta yi tsanani aka kawo su. Matan da suka yi makaranta kuwa, ba kasafai abin ke cinye su ba. Shekara arba'in ke nan, jami'ar tana nan Samaru, asibitin yana nan Shika, amma har yau akwai wadda ke kwana biyu a kan gwiwa ana jiran maigida ya dawo ya ba da izini. Don Allah Malam, in kana jin mu, ka ba da izinin tun ciki na wata uku, a ajiye kuɗin mota a gefe.

Hukuma ma da nata. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, gwamnatin tarayyarmu ba ta cika shi ba. In masu neman ƙuri'a sun shigo unguwa da atamfa da sabulu, ki karɓa in kina so, amma ki tambaye su: ungozoma nawa ke kwana a asibitin unguwarmu?

Lokaci ya ƙure mana. Mai ciki, ki duba katinki ki ga ranar awo. Sai Allah Ya kai mu mako mai zuwa, a gaida yara. Wassalamu alaikum.