Abin da 'Ya'yanmu Za Su Rubuta Game da Gidajenmu



An ba mu 'yan mintoci mu yi magana a kan 'ya'yanmu masu neman gurbin karatun likita, musamman yadda za su bayyana asalinsu da halin gidajensu a takardun nema.

Sharuɗɗan a fili suke: kiredit biyar a WAEC ko NECO, wato Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, sannan maki mai yawa a JAMB. Majalisar kula da aikin likita ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta horar, shi ya sa gurbi ya yi kaɗan, masu nema kuwa dubbai. A jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari ana bayar da shi bisa cancanta, kashi 35 na 'yan yankin da jami'ar take ne, kashi 20 kuma na jihohin da aka lasafta suna baya a ilimi.

Daga nan mugun shawara ke shigowa. Wani zai raɗa mana cewa mu sauya wa yaro jihar asali, ko mu taɓa shekarunsa. Mu tuna cewa tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma ana gwada ta da takardar haihuwa da ta shaidar ƙaramar hukuma a lokacin tantancewa. Karatun likita shekara shida ne. Wane uba ne a cikinmu zai iya jure a sallamo masa ɗa a aji huɗu saboda takardar da shi da hannunsa ya sa aka gyara? Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Amma abin da ya fi taɓa mana zuciya wani ne daban. Bara 'yar wani abokin aikinmu ta kawo mana wasiƙar neman tallafin karatu mu duba mata. A gurbin sana'ar uba ta rubuta "ma'aikacin gwamnati". Muka tambaye ta dalili, ta sunkuyar da kai. A cikin wasiƙar kuma ta zayyana talauci irin wanda ba a gidansu yake ba, har da kwana da yunwa, domin an gaya mata sai da kuka ake samun tallafi. Ta ɓoye abin da yake gaskiya, ta aro abin da ba nata ba. Ba mu ga laifinta sosai ba. Mu ne kullum muke ƙorafin albashi a gabansu, har suka ɗauka aikinmu abin kunya ne.

Muka ce ta ajiye alƙalami ta ba mu labari da baki. Ashe shekara uku ita ke raka kakarta mai ciwon suga asibiti, ita ke riƙe da katin, ita ke lura da lokacin allura da abin da aka hana tsohuwar ci. Ashe a teburin da mahaifinta ke maka takardun 'yan aji biyar ta koyi karatu da fitilar hannu. Ko ɗaya ba ta rubuta ba, wai ba ta ɗauka abin faɗa ba ne. Wannan shi ne abin da masu tantancewa ba su gani a wasiƙu ɗari masu kama da juna, kuma in an tsare ta da tambaya ba za ta yi in'ina a kansa ba.

Sai dai akwai iyaka. Ciwon kaka sirrin kaka ne, don haka muka ce ta fara neman izininta, kuma kada ta ambaci suna. Rabuwar iyaye, bashi, rikicin kishiyoyi, ba dole ba ne su shiga takarda. Ma'auninmu shi ne: shin abin ya bayyana dalilin da ya sa yaro ke son aikin likita, ko tausayi kawai yake nema? Kuma mu malamai mu kama hannunmu. Gyaran nahawu namu ne, amma in muka rubuta musu wasiƙar, muryar ɗan shekara arba'in ba ta ɓuya a bakin ɗan shekara goma sha bakwai.

Yarinyar ta sake rubutawa, ta sa "malamin firamare".

Muna roƙon shugaban reshe ya ware mana Asabar ɗaya kafin a buɗe rajistar bana, iyaye su zo da NIN da takardun haihuwa da na makaranta, mu zauna mu gwada su ɗaya bayan ɗaya tun da sauran lokacin gyara.