Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

(Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya, tsohon hedimasta, ya gabatar a wajen babban taron shekara-shekara)

  



Sa'ad da kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana, na san an sa ran zan yi batun makaranta ne, tun da yake a can na ƙare ƙuruciyata. To, amma yau ina roƙon arziki ku bar ni in yi magana a kan wata mota. Ita ce tsohuwar Bilhodin nan da ke kwance a bayan tsohuwar tasha, gindin tsamiya, tayoyinta sun nutse a ƙasa, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta. Sau biyu ke nan 'yan gwangwan suna zuwa wurin magada da tayin su yanka ta su auna a sikeli. Magadan sun yi mana karamci, sun ce za su dakata har zuwa bayan kaka. Idan ba mu yi wani abu ba kafin lokacin, to, ta tafi ke nan.

Yaran yanzu za su ce, mene ne abin damuwa a kan tarin tsatsa? Bari in ba su tarihinta. Sunanta na asali Bedford, ƙirar Ingila ce, samfurin da ake kira RL, wanda aka fara ƙera wa sojoji a 1953. Injinta mai silinda shida ne, fetur take sha, kuma tayoyinta na gaba da na baya duka suna ja, shi ya sa taɓo da rairayi ba sa tsayar da ita. Mai ita, Allah ya jiƙansa, tsohon soja ne da ya koyi tuƙi da kanikanci a yaƙin Bama, inda rundunoni na 81 da 82 na Afirka ta Yamma suka yi fama da Japan. Ya saye ta ne a gwanjo bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ya sa kafintoci suka yi mata bodin katako.

A farin 1973 ita ta riƙa shigo mana da tsaba, a lokacin da babu kwalta, kuma babu wata motar da ke yarda ta ratsa fadamar nan. Da aka ƙaddamar da shirin ba da ilimin firamare kyauta a 1976, ita ta kwaso kwano da siminti da bencinan ajujuwan da da yawanku kuka zauna a ciki. Ni kaina a bayanta na zauna, bisa buhun gero, da akwatina na kwano, ranar da na tafi kwalejin horon malamai. Mata nawa ta kai asibiti suna kan gwiwa? Amare nawa ta kai ɗakunansu? Ashe kuwa bai dace a sayar da ita kilo-kilo kamar tsohuwar tukunya ba.

Wani zai tambaya, shin tana iya tashi kuwa? Amsa ita ce, ƙwarai. A Ingila gwamnati ta ajiye motocin kashe gobara masu irin wannan ƙira tun daga shekarun 1950, ana kula da su a ma'ajiya. Da 'yan kwana-kwana suka yi yajin aiki a 1977, da kuma 2002, sojoji suka fito da su suka yi aiki da su. Mota mai shekara kusan hamsin ta kashe gobara, ba don wani sihiri ba, sai don an kula da ita. A nan gida ma, wanda ya je gidan tarihin yaƙi na Umuahia, wanda aka kafa a 1985, zai ga motocin sulke na zamanin yaƙin basasa an adana su domin na baya su gani. Ga kuma roka, wato Mercedes 911, wadda har masana'antar ANAMMCO ta Inugu ta harhaɗa, ba ta gushe ba tana dakon hatsi da dabbobi a kasuwanninmu.

Na zauna da tsofaffin kanikawanmu, sun kuma yi mini bayani dalla-dalla. Sun ce babban kuskure shi ne a ɗaura wa motar da ta daɗe a kwance batir a ce za a tayar da ita nan take, domin fistin da ya kafe zai iya karya ringi ya lalata injin. Da farko sai an zubar da tsohon baƙin mai, a kwance fulogogi, a ɗura mai a cikin silinda a bar shi ya jiƙa na kwanaki, sannan a riƙa juya injin da hannu a hankali har ya saki. Bayan haka a wanke tanki da kafireto, a duba lagireto, a sauya duk wata roba da wayar da ta ruɓe. Birki kuwa ba a yi masa kwaskwarima, sabo ake yi, domin rai ne a kansa. Daga nan a kankare tsatsar ƙashin motar, mai walda ya yi nasa, kafinta ya yi nasa, sannan mai fenti. Idan ta tashi kuma, sai an yi mata rumfa, a riƙa tayar da ita kowane mako, ana ba ta giris da mai a kan kari, a kuma rubuta kowane gyara a littafi. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Jama'a, ba ƙarfen ne ya fi damuna ba. Kanikawan da suka san cikin wannan mota saura uku a garin nan, kuma ƙaraminsu ya girme ni. Ga matasanmu nan a bakin tasha, sun gama sakandare, ba sana'a sai jiran abin da za ku aiko daga birni. Shekarun da na yi a aji sun koya mini cewa abin da yaro ya taɓa da hannunsa ya fi zama a kansa bisa abin da aka rubuta masa a allo. Tsohuwar mota ba ta da kwamfuta, komai nata a fili yake. Yaron da ya kwance ta ya ɗaura, ya sami tushen da zai gyara tarakta da injin ban ruwa da injin niƙa. Idan dattawan nan suka kau ba su koyar ba, asararmu ta fi ta mota.

Saboda haka ina gabatar wa wannan taro buƙatu huɗu. Na farko, ƙungiya ta sayi motar daga hannun magada a kan farashin da ba za su cutu ba. Na biyu, a ɗauki matasa goma a danƙa su ga kanikawan nan, tare da ɗan alawus ga malaman da ɗaliban. Na uku, tun da kamfanin ya daina ƙera manyan motoci tun a shekarun 1980, 'yan'uwanmu na Kano su bincika mana kayan gyara a Ƙofar Ruwa, na Kaduna kuma su shiga Panteka, inda abin da ba a samu ba ake ƙera shi. Na huɗu, a kafa kwamitin mutum biyar da zai karanta mana lissafin kowane kwabo a taron baɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni ɗan fansho ne, amma na ɗauki nauyin batir, kuma zan riƙe littafin gyara idan an amince.

Fatana shi ne, idan Allah ya kai mu baɗi, wannan mota ce za ta ɗauko kujerun taronmu, ɗaya daga cikin yaranmu yana riƙe da sitiyari. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya albarkaci zuriyarmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.